Tsaunukan Simbu da Na Sani

Ƙidayar 1980 ta nuna mutanen Papuwa Niyu Gini kimanin miliyan 3 ne, shekara biyar kacal bayan ƙasar ta sami 'yanci daga Ostareliya a 1975. Zuwa ƙidayar 2011 sun haura miliyan 7. Yawan nan kuwa bai kwarara birane ba, domin har yau fiye da mutum 8 cikin 10 a ƙauye suke kwana suna tashi. Ni a farkon shekarun 1980 na san ƙasar, ina koyarwa a wata sakandare kusa da Kundiyawa, cikin lardin Simbu, kuma tun a lokacin ana cewa lardin ya cika da jama'a. Ashe ba mu ga komai ba.

Me zai kai mutum birni? Kusan duk filayen ƙasar na dangi ne, gadon kaka da kakanni, kowane ɗa yana da inda zai kafa sanda ya ce nan nawa ne. Fot Mosbi, babban birnin, a lokacin babu titin da ya haɗa shi da tsaunuka; hanyar motarmu ɗaya ce, ita ma Laye ta nufa, bakin teku.

Abin da na fi kewa shi ne safiyar can. Hazo ya rufe kwari, sanyi na ratsa ƙashi, sai ka hango mata sun jeru a gefen tsauni da sandunan haƙa, suna tara ƙasa suna binne yabanyar dankali. Kowace da jakar saƙa rataye a goshi, ta sauko gadon baya. Da safe jariri ne a ciki, da yamma dankali, jaririn ya koma kafaɗa. Dankalin nan shi ne tuwo, shi ne miya, har aladu shi ake ba su. Aladun kuwa matsayinsu ɗaya da na shanu wajen Bafulatani: da su ake aure, da su ake biyan diyya. Maƙwabtana sun san ba na cin naman alade. Ranar biki, in an haƙa rami an jera duwatsu masu zafi an shimfiɗa ganyen ayaba, sai su haƙa mini nawa ƙarami a gefe, da kaza da kabewa, ba tare da na roƙa ba. Allah Ya saka musu.

A wancan zamanin gona tana hutawa. In ta gaji sai a dasa mata wasu dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, waɗanda ke mayar wa ƙasa ƙarfinta, a bar ta wasu shekaru, a koma wata. Manoman da suka san wannan dabara ba 'yan koyo ba ne, don a fadamar Kuk, kusa da Mawun Hagen, an gano alamun noma na dubban shekaru.

Wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu shi ma ya yi furfura, ya aiko mini da hotunan ƙauyensu. Ya ce, “Malam, gonar da babanmu ya noma shi kaɗai, yau gida huɗu ke ci daga cikinta.” Gonaki sun hau gangaren da da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta taka. Hutun ƙasa ya gajarta, dankali ya ƙanƙance, ruwan sama na wanke ƙasar zuwa kogi. Gahawa, da ita ce kuɗin makarantar yara, ta ci nata rabon filin. Fari da sanyin ƙanƙara na 1997 sun nuna yadda abin ya zama a kan siraɗi, don ƙauyuka da dama sai da aka kai musu abincin agaji.

Rikicin iyaka da ma akwai shi, na sha ganin maza sun fito da kwari da baka, dattawa su shiga tsakani a yanka aladu a sasanta. Yanzu a wasu sassan tsaunukan, musamman lardin Enga, da bindiga ake yin sa.