Tukwanen Samaru

Matafiyin da ya taso daga Maraɗi, ya ratsa Ɗan Isa, ya ƙetare iyaka a Jibiya, ya bi ta Katsina da Malumfashi da Funtuwa, zai tarar da Samaru kafin ya ga ganuwar Zariya. Wanda kuwa ya fito daga Damagaram ta Kano, sai ya sauka a Kwangila, ya nemi bas ko ɗan kabu-kabu, wanda can ake kira ɗan acaɓa, ya juyo da shi kan hanyar Sakkwato. A shekarun nan da ƴan bindiga suka addabi dazuzzukan Katsina, har mutanen Maraɗi da dama sun gwammace zagayen Kano. Ko ta ina aka ɓullo, abu ɗaya ake iskewa: babban titi, gefe guda katangar jami'a wadda ido bai ganin ƙarshenta, ɗaya gefen kuma gari mai cunkoso wanda hayaƙin murhu ke tashi cikinsa tun kafin asalatu.

Boko ne ya haifi Samaru. Cikin 1922 Turawan Ingila suka kafa tashar binciken aikin gona a wurin. Cikin 1962 aka buɗe jami'ar da ke ɗauke da sunan Sardauna Ahmadu Bello, ta haɗiye tashar, ta jawo dubban ɗalibai daga kowace kusurwa ta Nijeriya da ƙasashen maƙwabta. Daga nan gari ya yi ta tohowa a bakin ƙofar makaranta: mai ɗakin haya, tela, mai wanki da guga, mai buga takardu, uwa-uba mai abinci. Cikin ɗaliban nan akwai ƴaƴan ƴan kasuwa da ma'aikatan Nijar da suka zo neman likitanci ko aikin gona ko injiniya, kuma saboda iyayensu ne zancen tukwanen Samaru ya cancanci shiga jarida.

Al'adar uban da ya zo duba ɗansa sananniya ce. Zai ɗauke shi a mota su tafi Sabon Gari ko unguwar Turawa, su shiga otel mai sanyi, a kawo musu shinkafa da kaza, yaro ya ci kamar ba gobe, uba ya koma gida ya shaida wa uwa cewa ɗanta yana cikin ƙoshi. Abin da ya gani walimar yini guda ce. Tukunyar da ke riƙe da ran yaron sauran kwanakin shekara tana wani lungu bayan kasuwar Samaru ko wajen Hayin Dogo, kuma ba ta da allo a ƙofa.

Ma'aikacin da ya yi jami'ar Yamai zai tambaya: ina resto? Ya saba da tikitin abinci mai rangwame wanda hukuma ke ɗaukar mafi yawan nauyinsa. Nijeriya ma ta taɓa yin haka. Cikin 1978 gwamnatin soja ta ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini, ɗalibai suka yi bore suna neman a sauke Kanar Ahmadu Ali, mai kula da ilimi a lokacin, sojoji kuma suka harbe wasunsu a nan Samaru. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 aka janye rangwamen ɗungurungum. Tun daga ranar cikin ɗalibi ya koma hannun ƴan kasuwa, mafi yawansu mata. Ɗalibai har lissafi suka ƙirƙiro wa yunwarsu: 1-0-1 shi ne a ci da safe, a tsallake rana, a ci da dare, wanda aljihunsa ya bushe kuwa sai ya koma 0-1-0, ko 0-0-1 idan wata ya yi nisa.

Neman gidan abinci na ƙwarai a irin wannan gari yana da ƙa'idarsa. Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya san wanda zai tambaya. Malamin jami'a gida yake ci, direban tasha kuma wurin ƴar'uwarsa zai kai mutum. Masu sani su ne mai gadin ƙofa, da masinjan ofis, da ɗalibin shekarar ƙarshe da ke haya a cikin gari, domin su ne suka gwada kowace tukunya da kuɗin guminsu. Idan babu wanda za a tambaya, sai a duba inda baburan acaɓa suka yi layi da tsakar rana babu fasinja a kansu. Galibi rumfa ce ta kwano, da labule a ƙofa, da benci biyu ko uku. Kafin baƙo ya zauna, ya kamata ya saci kallon bahon da ake wanke kwanuka, domin ruwan wankin nan ya fi duk wata takardar hukuma faɗin gaskiya. Ya kuma lura da lokaci: tukunyar kirki kan ƙare kafin a fito sallar azahar da kaɗan, wadda ta kai la'asar cike kuwa akwai dalili.

Safiya ta masu koko da ƙosai ce, da masu waina da ke zuba ta cikin miyar taushe mai kabewa da gyaɗa. Teburin mai shayi zai ba mutumin Nijar mamaki kaɗan. Ba zai ga dogon burodin nan mai ɓawo da ya saba da shi ba. Burodin can taushi gare shi, da zaƙi, shayin kuma cikin babban kofi yake zuwa bayan an yi ta sheƙa shi daga sama har ya yi kumfa. Sarautar teburin tana hannun taliyar Indomie da ƙwai, wadda ta ci ɗaliban Nijeriya da yaƙi, ko da yake ba ta riƙe ciki zuwa azahar.

Wanda ya zo ƙasar Zazzau bai sha fate ba, da sauransa. Kanawa da Katsinawa sun daɗe suna tsokanar Zazzagawa da shi, su kuwa ko a jikinsu. Tsakin masara ne ake dafawa ruwa-ruwa da yakuwa da alayyafo da gauta da dakakkiyar gyaɗa, wani lokaci a jefa wake, idan da hali a sa ƙashi mai ɓargo. Tsamin yakuwa da ɗacin gauta su ne ransa, kuma da zafinsa ake shan shi, har gumi ya keto. Fate mai kyau ba ya tsinkewa, ba ya kuma daskarewa kamar tuwo. Cokali yakan tsaya cikinsa na ɗan lokaci kafin ya kwanta. Ba kowace rumfa ke yin sa kullum ba, sau da yawa ma a cikin gida ake dafawa, yara su fito da shi bakin zaure. Mutumin Maraɗi da ya tashi da dambu da zogala zai gane danginsa nan take: abincin talaka ne wanda ganye ya fi hatsi yawa cikinsa, mai arha, mai riƙe ciki.

Da yake jami'ar ta tara ƙabilu, tukwanen ma sun tara. Rumfar Bayarabiya na da amala da teba, ta Inyamura na da sakwara da miyar agushi, kuma barkonon da suke zubawa ya isa ya sa baƙo hawaye. Amma abincin da ya haɗa kowa shi ne shinkafa da wake da mai da yaji, sai ɗanwake da awara. Ɗan kasuwar Nijar na iya kallon kwanon nan da idon sani, domin wake da albasa da dabbobin ƙasarsa suna cikin abin da ke cika kasuwannin arewacin Nijeriya. A nan Samaru kuwa akwai cibiyar binciken gona da ta fitar da irin wake da masara da gyaɗa masu ɗauke da harufan farko na sunan garin: SAMPEA, SAMMAZ, SAMNUT.

Abin da ya fi tukunya muhimmanci a rumfunan nan shi ne wani ɗan littafi mai maiƙo da ake ajiyewa ƙarƙashin tebur. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ɗalibin da ya zama ɗan gida, wanda ke kiran mai rumfa Mama ko Hajiya, ita kuma tana ce masa ɗana, yakan ci a rubuta har kuɗin gida su iso. Babu shaida, babu jingina, sai sanin fuska. Littafin ya ƙara kauri tun daga Mayun 2023, lokacin da aka janye rangwamen man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin ƴan kwanaki, kayan miya suka bi ta. Uban da ke aiko da sefa yana ganin shi ke da riba, tunda jikka guda da ba ta kai naira 700 ba cikin 2019 ta haura 2000 cikin 2024. Sai dai kwanon ma bai tsaya jiran kowa ba, kuma yaro mai kunya ba ya faɗa wa ubansa cewa sunansa ya cika shafi biyu.

Littafin nan ne ke karya mai rumfa idan makaranta ta tsaya. Cikin 2020 annobar korona da yajin aikin malaman jami'o'i suka haɗu suka rufe azuzuwa mafi yawan shekarar. Cikin 2022 malaman suka sake ajiye alli daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Mutanen Nijar da suka ga shekarun karatu sun tashi a banza cikin shekarun 1990 sun san abin da haka ke yi wa ɗalibi. Ba safai ake lissafa abin da yake yi wa matar da ta ci bashin buhun shinkafa a kasuwa, ta dafa, ta ba da bashi, ta wayi gari masu cin sun kwashe kayansu sun tafi Legas da Maiduguri da Tawa ba. Gwamnati da malamai sukan zauna su sasanta a Abuja. Ita babu mai kiranta teburin.

Saboda haka baƙon da ke son ganin Samaru da ranta sai ya tambayi kalandar makaranta kafin ya ɗaura tafiya. Lokacin hutu rumfuna da yawa a rufe suke, da azumi kuma harkar takan koma bayan magariba. Idan ana karatu, dare ya fi rana armashi: masu tsire da balangu sun kunna wuta a bakin titi, ga zoɓo da kunun aya cikin robobi masu sanyi, ɗaliban da za su kwana karatu a aji suna tsaye suna cinikin abin da za su riƙe. Uban da ya ce wa ɗansa ya kai shi inda yake ci kullum zai zauna a benci ɗaya da ƴan acaɓa, a miƙo masa ruwan wanke hannu a buta. Idan ya gama, ya gaida mai rumfa da aiki, yana iya roƙonta ta buɗe masa shafin da sunan yaron yake.