Zuwa Yankari da yara: gilashin da zai kawo miki tsuntsu kusa

Idan Allah Ya nufa bana za ku kai yara Yankari, na san lissafinki ya riga ya tafi kan guzuri, rigunan sanyi, gidan sauro da maganin zazzaɓi. Ki ƙara abu ɗaya a lissafin: da me za ki ɗauki hoto? Kada ki raina tambayar. A dajin nan, abin da ke hannunki shi yake yanke nisan da za ki tsaya daga dabba, kuma inda uwa ta tsaya nan 'ya'yanta suke tsayawa.

Yankari yana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri a Jihar Bauchi. Daga garin Bauchi za ku hau titin Gombe, a Dindima ku karya kwana ku nufi Mainamaji, inda babbar ƙofar shiga take. Kada yara su fara murnar an iso, domin daga ƙofar zuwa masaukin Wikki akwai sauran tafiyar fiye da kilomita 40 a cikin daji. Faɗin wurin ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ya zama gandun gwamnatin tarayya a 1991, sannan ya dawo hannun Jihar Bauchi a 2006.

Abin da yara suka fi ɗoki shi ne ruwan Wikki. Daga masauki ake gangarawa ta matakala, sai ki tarar da ruwa garai-garai yana fitowa daga ƙarƙashin dutse, kina hango yashin ƙasansa, ɗuminsa bai wuce digiri 31 ba dare da rana, rani da damina. A nan wayarki ta ishe ki. Yara suna kusa, haske ya wadata, ki ɗauka son ranki.

Labari yana canzawa ne idan an shiga mota zagayen daji, da sassafe ko da la'asar, tare da ɗan rakiya. Da rani, musamman daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, sai dabbobi su riƙa gangarowa bakin kogin Gaji. Za ki iya cin karo da ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mazo, kada da dorina. Giwa kuwa rabo ce. Garken Yankari yana cikin mafi girma da suka rage a Najeriya, amma wani ya kwana uku bai gani ba, wani ya gani tun fitar farko. Tsuntsaye ne ba sa ba mutum kunya, don an ƙidaya fiye da iri 350 a dajin. Ga burtu yana takawa a ƙasa kamar mai unguwa, ga cilakowa, ga zalɓe tsaye a bakin ruwa, ga carki a gadon bayan ɓauna yana cire mata kaska, ga zabin daji suna tsere a gaban mota.

To a nan ne za ki ɗaga waya, ki buɗa yatsu biyu a kan fuskarta, ki latsa. Idan kin duba sai ki ga wani ɗigo mai hazo a tsakiyar ganye. Dalili shi ne buɗa yatsu ba ya janyo komai, yanko tsakiyar hoton kawai yake yi ya kumbura shi. Daga nan zuciya za ta fara raya miki: a matsa kaɗan, a sauka daga mota, a ɗan zagaya bayan bishiyar can. Wannan rayawar ce nake so ki kashe tun daga gida. Giwa mai ɗa ba ta san kin zo da alheri ba. Ɓauna da dorina sun fi ki gudu nesa ba kusa ba. Tsuntsuwar da kika tasa daga sheƙa kuma ta bar ƙwanta a rana. Maganin duk wannan shi ne gilashin zuƙo nesa, wato dogon gilashin nan da ake ɗaura wa kyamara a gaba. Shi zai yi tattakin, ke kina zaune.

Lambar farko: milimita

A jikin kowane gilashi akwai lamba da aka rubuta da mm. Yawan lambar, yawan zuƙowa. Babbar kyamarar wayarki tana wajen 25. Wayoyi masu tsada da ke da ƙaramin gilashin zuƙowa na gaskiya sukan kai 70 zuwa 120. Giwa da ɓauna suna son 200 zuwa 300. Tsuntsu kuwa, saboda ƙanƙanta da tsoro, daga 400 ake fara maganarsa, 600 ya fi daɗi.

Akwai wata garaɓasa. Yawancin kyamarori masu sauƙin kuɗi suna da ƙaramin faifan ɗaukar haske da ake kira APS-C, wanda yake sa hoto ya fito kamar an ƙara wa gilashin tsawo. A Nikon da Sony ki ninka lambar da 1.5, a Canon da 1.6. Ke nan gilashi mai 300 zai yi miki aikin 450 ko 480, kusan ninki 18 na abin da wayarki take gani.

Idan kin ga lamba biyu, kamar 70-300, ana murɗa shi ya matso ko ya ja baya. Mai lamba ɗaya tak ba ya motsi. Ga mai zaune a mota da yara, mai murɗawa ya fi, domin yanzu gwanki ne can nesa, an jima kaɗan biri ne a gefen taya.

Lamba ta biyu: ƙofar haske

Za ki kuma ga f/4, f/5.6 ko f/6.3. Wannan faɗin ƙofar da haske yake shiga ne, kuma lissafinsa a juye yake: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Mai f/4 yana shigar da ninki biyu na hasken da f/5.6 yake shigarwa. Amfaninsa yana fitowa da asuba da gab da magariba, lokacin da dabbobi suka fi yawo. Sai dai kowane ƙarin haske da nauyinsa da kuɗinsa yake zuwa. Gilashi mai 600 da f/4, irin na masu shirya fina-finan dabbobi, ya kai kilo 3, kuma sabonsa ya haura dala 10,000. Wannan ba layinmu ba ne. Mu Allah Ya hore mana rana, daga hantsi f/6.3 ya wadatar.

Hanyoyi uku da ke gabanki

Ta farko, idan akwai kyamara mai cire gilashi a gida, ki nemi 70-300. Yawancinsu ba su kai kilo ɗaya ba, suna shiga jakar hannu, kuma su ne mafi sauƙin kuɗi. Za su ba ki manyan dabbobi da manyan tsuntsaye irin su burtu da zalɓe.

Ta biyu, idan tsuntsaye ne suka shiga ranki ko ran wani ɗanki da gaske, akwai 150-600 na kamfanonin Sigma da Tamron. Suna kaiwa nesa sosai, amma nauyinsu wajen kilo 2 ne, ban da kyamarar. Mu da muke awon jarirai a asibiti mun san kilo 2 a hannu: jaririn da bai cika nauyi ba ke nan. Bambancin shi ne jariri a ƙirji ake rungume shi, wannan kuwa miƙe hannu za ki yi da shi daidai ido na tsawon sa'a biyu, mota tana girgiza. Idan kina da goyo, ko juna biyu, ko ciwon wuya da kafaɗa, ki yi wa kanki adalci.

Ta uku ita ce nake ganin ta fi dacewa da yawancin iyalai: kyamarar da gilashinta yake manne, ba a cirewa. Nikon P950 tana zuƙowa daga 24 har 2000, nauyinta wajen kilo ɗaya. Canon SX70 HS tana kaiwa 1365, ba ta kai ta nauyi ba. Rauninsu shi ne idan haske ya yi ƙasa hoton yakan yi ɓurɓushi, kuma ba su da zafin nama wajen bin tsuntsu mai tashi. Amma ga hoton da za a tura wa dangi a WhatsApp ko a wanke a rataya a falo, sun fi ƙarfin buƙata.

Kafin ki fitar da ko sisi, ki tuna da mai hoton bikin unguwarku. Da yawansu suna da 70-200, wanda suke ɗaukar amarya da shi daga nesa. Ya yi wa ƙananan tsuntsaye gajarta, amma zai ɗauki giwa da birai tsaf. Aro ko haya na kwana biyu zai nuna miki ko abin zai ɗore ko ɗokin tafiya ne kawai. Kuɗin makaranta yana nan yana jira bayan hutu.

Idan kin tashi saye

Ki tafi da kyamararki shagon, don ba kowane gilashi yake shiga bakin kowace kyamara ba. Ko a kamfani ɗaya ma akwai bambanci: Canon tana da EF da RF, Nikon tana da F da Z. Ki ɗaura, ki fito waje, ki saita wata kurciya a kan waya, ki ga ko yana kama ta da sauri.

Ki tabbata yana da na'urar rage rawar hannu. Canon suna rubuta IS, Nikon VR, Sony OSS, Sigma OS, Tamron VC. Gilashin da ya zuƙo tsuntsu yana zuƙo rawar hannunki ma. Shi ya sa masu hoto suke cewa saurin ƙiftawar kyamara kada ya gaza lambar gilashin: a 500, ki sa 1/500 ko sama. Tsuntsu mai tashi yana son 1/1000 zuwa 1/2000.

Idan na hannu ne, ki kunna fitilar wayarki ki haska ta cikinsa. 'Yar ƙura ba ta ɓata hoto. Amma in kin ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce da laima ta haifar, tana yaɗuwa, ki ajiye musu kayansu komai araharsa.

A cikin daji

Ki ɗura shinkafa ko wake a safa mai kauri, ki ɗaure, ki ɗora a bakin taga ko ƙarfen mota, ki kwantar da gilashin a kai. In an tsaya, ki roƙi direba ya kashe inji. Kada ki cire gilashi a fili lokacin hunturu, ƙura za ta shige cikin kyamarar, kuma ki rufe ta da ɗankwali tsakanin tsayawa da tsayawa. Ki sani cewa hazo da hucin tsakar rana suna dusashe duk abin da ya yi nisa sosai, ko da gilashin miliyoyi ne. Fitar safe ta fi albarka.

Sai maganar birai. A masaukin Wikki gwaggon biri yana yawo tsakanin ɗakuna, shi da gadu, kuma ya san leda, ya san kular abinci. Kada yaro ya riƙe abin ci a waje, kada a miƙa musu, kada a jera da su don hoto. Ki rufe ƙofa da taga. Idan tsautsayi ya sa biri ya ciji yaro ko ya yakushe shi, ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan a nufi asibiti a ranar domin a duba batun allurar haukan kare da ta sandarewar jiki. Ko ciwon ƙarami ne kada a jira a ga yadda zai kwana. Daga barandar ɗakinki, gilashi mai 200 zai ɗauko miki har gashin girar birin.

In kuma aljihu bai ba da damar kyamara ba bana, ki sayi madubin hangen nesa mai lamba 8x42, yara su riƙa karɓa-karɓa. Ki ba babbansu littafi da biro ya rubuta duk tsuntsun da aka gani, ku tambayi ɗan rakiya sunansa da Hausa. Yaran da suka san burtu a tatsuniya kawai za su dawo sun gan shi da jan maƙogwaronsa, kuma sun koyi cewa ana iya kallon halittar Allah a ƙoshi ba tare da an tashe ta ba.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya, Ya sa ku dace da giwa.