Benjamin Mays, Shugaban Makarantar Da Ɗalibai Ke Gani Duk Talata

 

Duk wanda ya ɗan leƙa tarihin baƙar fatar Amurka ya san Martin Luther King. Amma ba kowa ya san mutumin da shi King ɗin yake ɗauka a matsayin ubansa a fagen tunani ba. Sunansa Benjamin Elijah Mays, wanda ya shugabanci Kwalejin Morehouse ta birnin Atlanta shekara 27, daga 1940 zuwa 1967. Ni dai labarinsa ya fi na ɗalibin nasa tsaya mini a rai.

An haife shi ranar 1 ga Agusta 1894 a karkarar jihar Karolina ta Kudu, shi ne auta cikin 'ya'ya takwas. Mahaifinsa Hezekiah da mahaifiyarsa Louvenia duk cikin bauta aka haife su, suna yara aka soke ta a 1865. Auduga suke nomawa a gonar haya. Abu na farko da Mays yake iya tunawa a rayuwarsa ya faru a 1898, yana ɗan shekara huɗu, lokacin rikicin zaɓen da ake kira rikicin Phoenix a yankinsu. Wasu turawa ne suka iso bisa dawakai, riƙe da bindigogi, suka tsare mahaifinsa, suka sa shi ya cire hula ya rusuna musu, yaron yana tsaye yana kallo. Wanda bai riƙe wannan a zuciya ba, ba zai gane dalilin da Mays ya ƙare rayuwarsa yana hana samari sunkuyar da kai ba.

Karatu ma bai zo masa da sauƙi ba. Makarantar baƙaƙe ta ƙauyensu wata huɗu kawai take buɗewa a shekara, sauran watannin na gona ne. Yayarsa Susie ce ta fara koya masa haruffa da ƙirga a gida. Mahaifiyar ba ta iya karatu ba, amma kullum tana yi masa addu'a tana ƙarfafa shi. Uban kuwa gani yake namiji ko dai ya yi noma ko ya yi wa'azi, kuma babu wanda ke buƙatar dogon karatu a ciki. Ba na ganin laifinsa sosai. Mutumin da rayuwa ta nuna masa cewa baƙin da ya ɗaga kai shi ake fara sarewa, kuma yana da gonar da ke jiran hannu, me kuke so ya ce? Duk wanda ya taso a karkara ya san yadda aji ke raguwa da an yi ruwan shuka.

A 1911 Mays ya tafi Orangeburg, sashen sakandare na kwalejin baƙaƙe ta jihar. Da lokacin noma ya yi sai uban ya aiko ya dawo gida, shekarar karatu ba ta ƙare ba. Haka aka yi ta yi har ran da ya kafe ya ce ba zai koma ba sai an yi hutu. Sai a 1916 ya gama sakandare, yana da shekara 21, kuma shi ya zo na ɗaya. Kuɗin makaranta da guminsa ya nema, har da aikin hidima a taragon kwana na jirgin ƙasa, yana gyara wa fasinjoji gado yana ɗaukar musu kaya. Daga baya ya nufi Kwalejin Bates a jihar Maine, can ƙuryar arewa, da gangan, don ya zauna aji ɗaya da 'ya'yan turawa ya gwada wa kansa ko gaskiya ne abin da aka daɗe ana faɗa masa cewa ƙwaƙwalwar baƙi ba ta kai tasu ba. Ya fita a 1920 da sakamako mai daraja. Digiri na biyu a Jami'ar Shikago a 1925, na uku sai 1935, ya riga ya kai shekara 40.

A tsakani ya yi limancin coci, ya koyar, ya yi bincike. Shi da Joseph Nicholson suka zagaya coci-cocin baƙaƙe kusan 800 na birni da ƙauye, suka fitar da littafi a kansu a 1933. Daga 1934 ya shugabanci tsangayar nazarin addini ta Jami'ar Howard. A ƙarshen 1936 ya je Indiya, ya zauna da Mahatma Gandhi, ya yi masa tambayoyi a kan gwagwarmaya ba tare da zubar da jini ba. A lokacin King yana ɗan shekara bakwai.

To, sai Morehouse. Makarantar maza ce ta baƙaƙe, an kafa ta a 1867, amma a 1940 da ya karɓe ta aljihunta ya yi rauni, kuma ta zama kamar ƙanwa a tsakanin makarantun baƙaƙe na Atlanta. Abu na farko da ya yi bai yi wa ɗalibai daɗi ba: ya ce kowa ya biya kuɗin makaranta a kan kari, babu sauran ɗaga ƙafa, har suka laƙaba masa suna na mai bin dala. Ya yi ta yawon neman tallafi, ya ƙara wa malamai albashi, ya matsa musu su je su yi digirin digirgir. Wannan duk aikin ofis ne, kuma kowane shugaba mai kishi zai iya yin irinsa.

Abin da ya bambanta shi shi ne safiyar Talata. Kowane mako ɗalibai za su taru a ɗakin taro na Sale Hall, halarta dole ce, shugaban makaranta da kansa zai miƙe ya yi musu magana. Dogo ne, baƙi wuluk, tsaf cikin kwat, muryarsa a natse. Ku tuna garin da waɗannan samari suke ciki: a bas baya za su zauna, famfon shan ruwa nasu daban, a kanti ba za a kira su da girmamawa ba. Kullum gari yana gaya musu su ba kowa ba ne. Shi kuma duk Talata yana gaya musu akasin haka, ba da lallashi ba, da ɗora musu nauyi. Yana nuna musu cewa doka tana iya tilasta wa jikinka zama a bayan bas, amma babu dokar da ta ce ka yarda a ranka cewa can ne wurinka. Inda kuma ba dole, kada ka kai kanka: shi da kansa ba ya ɗaukar kuɗinsa ya je gidan kallon da za a tura shi wani lungu saboda launinsa. Ɗalibai sun ga yana yin abin da yake faɗa, shi ya sa maganar ta kama su.

Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe samari zuwa soja, azuzuwa suka yi fayau. Sai makarantar ta buɗe ƙofa ga 'yan sakandaren da ba su kammala ba, muddin sun ci jarrabawa. Ta wannan ƙofar King ya shiga a 1944, yana da shekara 15. Ba wani fitaccen ɗalibi ba ne a aji. Amma bayan jawabin Talata yakan bi Mays har ofis, su ci gaba da muhawara, wani lokaci yaron ya ce bai yarda da wata magana ba. Shugaban makaranta, da duk aikin da ke gabansa, ya zauna yana sauraren gardamar yaro matashi! Nan ne nake tsayawa in yi tunanin namu jami'o'in. Da yawanmu ba mu ga fuskar shugaban jami'armu ba sai ranar rantsar da sababbin ɗalibai da ranar yaye mu. Na san Morehouse ƙaramar makaranta ce, ɗalibanta ɗaruruwa ne, ba dubbai ba. Amma ko shugaban sashe, ko malamin aji, nawa ne ƙofarsa ke buɗe ga yaron da ya zo da musu?

Lokacin da wannan tarbiyya ta fi bayyana shi ne watan Fabrairu 1956. Baƙaƙen birnin Montgomery, inda King yake fasto, sun ƙaurace wa shiga bas saboda wariya, hukuma ta tuhumi jagororinsu da laifi, har da shi, an riga an jefa bam a gidan King. Bayan tuhumar sai King ya biyo ta Atlanta. Mahaifinsa, wanda shi ma babban fasto ne, ya tara dattawan gari a gidansa don su hana ɗansa komawa, kuma yawancinsu suka goyi bayan uban. King ya ce shi ba zai bar mutanensa a tsaka mai wuya ba. Mays ne ya buɗe baki a ɗakin ya ce yaron ya yi gaskiya, a bar shi ya tafi. Ku auna nauyin wannan: aminin uban ne, kuma ya san ana iya kashe yaron. Ya kuma san ba zai yiwu ya shekara da shekaru yana koya wa ɗalibai tsayuwa ba, sannan ran da ɗaya ya tsaya ya ce masa zauna. King ya koma, ya miƙa kansa ga 'yan sanda, kafin ƙarshen shekarar an soke wariya a bas ɗin garin.

Mays da King sun yi alkawari tsakaninsu cewa wanda ya riga rasuwa, ɗayan zai yi jawabin bankwana a jana'izarsa. Mays ya girmi King da kusan shekara 35, don haka kowa ya ɗauka ɗalibi ne zai binne malami. Allah bai nufa haka ba. An harbe King a Memphis ranar 4 ga Afrilu 1968. Ranar 9 ga wata aka ɗora gawarsa a keken alfadarai daga cocin Ebenezer zuwa harabar Morehouse, tsohon ya miƙe gaban dubban mutane ya cika alkawari. Bai tsaya ga yabo kawai ba, ya gaya wa Amurkawa cewa suna da kaso a cikin alhakin jinin.

Ba daga King kaɗai ake gane aikinsa ba. Maynard Jackson, baƙar fata na farko da ya zama magajin garin Atlanta, da Julian Bond, da David Satcher wanda ya riƙe muƙamin babban likitan Amurka, duk sun zauna a wancan ɗakin na Talata.

Bayan ritaya bai huta ba. A 1969, shekarar da matarsa Sadie ta rasu, ya tsaya zaɓen hukumar ilimi ta Atlanta yana da shekara 75, ya ci, a 1970 ya zama shugabanta, baƙi na farko a kujerar. A nan ne ya haɗu da shawara mafi ɗaci. Turawa suna ta kwashe 'ya'yansu zuwa unguwannin bayan gari, makarantun birni suna komawa na baƙaƙe zalla. A 1973 aka yi sulhu: a rage jigilar yara daga wannan unguwa zuwa waccan don cakuɗa su, a maimakon haka a bai wa baƙaƙe rabin manyan muƙaman tafiyar da makarantu. Ta haka Alonzo Crim ya zama baƙi na farko da ya shugabanci makarantun birnin. Uwar ƙungiyar NAACP ta ƙasa, mai fafutukar kare haƙƙin baƙaƙe, ta fusata, ta dakatar da shugabannin reshenta na Atlanta da suka amince da sulhun, tana ganin an sayar da manufa don kujera. Har yau ana jayayya a kai. A nawa ganin masu sukar suna da hujja, domin yaran talakawa sun ci gaba da zama su kaɗai a makarantunsu. Sai dai Mays yana duban ajin da ke gabansa ne, wanda yaran da za a cakuɗa da su sun riga sun bar gari, ya zaɓi abin da hannu zai iya kaiwa. Ya ci gaba da riƙe hukumar har 1981, yana da shekara 87, kuma ya rasu a Atlanta ranar 28 ga Maris 1984.