Daga Maraɗi Zuwa Tasawa, Tare da Wayar Kuran

Duk wanda ya bar Maraɗi ya nufi gabas bisa babbar hanyar Damagaram, yana da abokan tafiya biyu: itatuwan gawo da ke tsaye cikin gonakin hatsi, da dogayen turakun ƙarfe masu ɗauke da wayar wutar lantarki, wadda mu a nan muka fi kira kuran. Gawo kowa ya san amfaninsa, amma ba kowa ya taɓa tambayar inda wayar ta fito, ko wane ne ke gyara ta idan ta samu matsala ba. Wannan tambaya ita na riƙe a tafiyar nan mai sama da kilomita 100, domin ta shafi makomar yaranmu da ke gama koleji kowace shekara.

Kafin a kama hanya, ya kamata a zagaya Maraɗi kanta. A kewayen babbar kasuwa za ka iske samari sun duƙufa bisa tebura suna buɗe cikin salula, wasu na naɗa sabuwar waya a injin famfo da ya ƙone, wasu na gyaran firji. Galibinsu a gaban maigida suka koya, da ido da hannu, kuma babu mai raina wannan gado. Sai dai a cikin garin nan akwai wata ƙofa da iyaye da dama ke wucewa ba su leƙa ba, wato Lise Teknik Ɗan Kasawa, mai ɗauke da sunan sarkin da ya kafa sarautar Maraɗi. Yaron da ya samu brebe yana iya shiga ya yi shekara 3, ya fito da bak na fasaha, kuma sashen da ake kira F3 shi ne na aikin wuta da injuna masu aiki da ita. Daga nan hanya a buɗe take zuwa cibiyar fasaha ta IUT da ke jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, wadda aka kafa a 2010, ko zuwa makarantar EMIG a Yamai.

Me makaranta ke ƙarawa bisa koyon gaban maigida? Tana ƙara sanin dalili. Wanda ya koya da ido ya san a haɗa wannan waya da waccan fitila ta kama. Wanda ya zauna aji ya san cewa siririyar waya idan aka ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta zafi take yi har robarta ta narke, don haka wayar fitila daban, ta firji da dutsen guga daban. Ya san amfanin na'urar da ke katse wuta da kanta idan wayoyi suka haɗu, da amfanin wayar da ake binnewa cikin ƙasa don kada ƙarfen firji ya ja mai gida. Yana karanta zanen aiki, yana aunawa kafin ya taɓa. Sau nawa muka ji gobara ta tashi a shago cikin dare aka ce kuran ne? Sau da yawa hannun da ya ja wayar ne bai san lissafinta ba.

Bayan an wuce Cadawa an doshi Agye, sai ido ya fara cin karo da farantan hasken rana: ɗaya bisa rufin mai cajin salula, wasu bisa gidan likita, wasu jere kusa da tankin ruwa suna juya famfo. Sayensu ya yi sauƙi yanzu, kafa su daidai ne ke da wuya. A ƙasarmu faranti kudu ya kamata ya fuskanta, a ɗan karkace, kuma a riƙa share shi, domin ƙurar hunturu tana rage masa ƙarfi ƙwarai. Tsakaninsa da batir dole a sa na'urar daidaita caji, in ba haka ba batirin da ya kamata ya yi shekaru sai ya mutu cikin watanni. Magidanci ya sayar da rago ya sayi kayan, sannan ya rasa mai lissafa masa yawan fitilun da za su iya ɗauka. Wannan giɓi aikin yi ne da ke jiran mai ilimi a kowane ƙauye.

A Gazawa ne amsar tambayata ta farko take. Nan ne tashar da babbar waya mai ƙarfin bolt 132,000 ke sauka daga Katsina, sannan a raba wutar, wani reshe ya yi Maraɗi, wani ya yi Damagaram. Kafin ta iso fitilar ɗaki sai an bi da ita ta taransifoma hawa hawa, har ta sauko kusan bolt 220. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga can take zuwa. Ba a maido ta ba sai a farkon 2024. Tela da mai walda da mai sayar da ƙanƙara ba su manta da waɗannan watanni ba. Magabata sun faɗa, zanen aro ba ya rufe katara.

Daga Gazawa zuwa Tasawa tafiya kaɗan ce. A wannan gari aka haifi Abdu Mumuni Jofo a 1929, malamin kimiyya da ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, inda aka ƙera murhu da tukunyar ɗumama ruwa masu aiki da zafin rana, tun lokacin da mutane ke ganin abin kamar almara. Ya rasu a 1991, kuma jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi. Abin da ya hanga ya fara tabbata: an buɗe tashar hasken rana mai megawat 7 a Malbaza a 2018, ta Goru Banda kusa da Yamai mai megawat 30 ta fara aiki a 2023. Rana dai tamu ce, babu mai rufe mana iyaka a kanta. Amma tashar da ba ta da ƴan ƙasa masu kula da ita, ita ma aro ce.

Don haka, ya ku iyaye, idan yaro ya kawo sakamakon brebe, kada a ɗauka makarantar fasaha mafakar wanda ya kasa ce. Aikin wuta yana son lissafi da natsuwa da riƙon amana, domin ran mutane da dukiyarsu na rataye ga waya ɗaya da aka ɗaure cikin bango inda mai gida ba ya gani. Ku dubi yaron da ke kwance rediyo don ya ga cikinta, mace ko namiji, ku kai shi ya ga ɗakin koyon aiki da idonsa, ku tambayi malamai sharuɗɗan shiga tun kafin hutu ya ƙare. Wanda karatunsa bai kai brebe ba, akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM a kananan hukumomi da dama, kuma wanda ya riga ya fara a gaban maigida, takardar CAP za ta ƙara masa daraja. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya sa abin da suka koya ya amfani jama'a.