Eloy, Garin da Mutane Ke Saukowa Daga Sama

A jihar Arizona ta ƙasar Amurka, a gefen babbar hanyar da ta haɗa Phoenix da Tucson, akwai wani ƙaramin gari mai suna Eloy. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, busasshiya, ga gonakin auduga, ga duwatsu can nesa, da bazara kuma zafi ya haura maki 40. A ɗan filin jirgin garin ne aka kafa Skydive Arizona, ɗaya daga cikin manyan wuraren diro da lema a duniya. Idan hunturu ya rufe Turai da Kanada, 'yan wasan lema na can sukan kwaso kayansu su tare a nan don atisaye, domin da wuya hadari ya hana su tashi. A nan ne ma, a shekarar 2002, mutum 300 suka riƙe juna a sararin samaniya suna faɗowa, abin da ba a taɓa yi ba kafin lokacin.

Ni kallo ya kai ni, kuma na kalla na ƙoshi. Jirgi ƙirar Twin Otter ya yi lodin mutum 20 da 'yan kai, suna zaune a matse, kowa da jakar lemarsa a baya. Ya ɗauki kamar minti 15 yana hawa har ya kai ƙafa 13,000, wato wajen kilomita 4. Daga ƙasa ba ka ganin komai sai wasu ɗige-ɗige. Kusan minti ɗaya suke yi suna sulmiyowa da gudun da ya kai kilomita 200 a awa, sannan ka ji ƙarar buɗewar lemomi ɗaya bayan ɗaya, sama ta cika da launuka. Sau da yawa jirgin kan riga na ƙarshensu taɓa ƙasa, kuma ko injin bai kashe ba wani lodin ya jeru yana jira. A ranar da kasuwa ta buɗe, jirgi ɗaya yakan yi sawu 20 ko fiye.

Abin da mai kallo ba ya gani shi ne maganar da ake yi ta rediyo kafin a buɗe ƙofar jirgin. Filin Eloy ba shi da hasumiya, amma samansa hanya ce: jiragen fasinja masu shiga da fita Phoenix, jiragen ɗaliban tuƙi da suka cika Arizona, da na soja, duk suna ratsa yankin. Dokar sufurin sama ta Amurka, a sashe na 105, ta wajabta wa matuƙin jirgin 'yan lema ya kira masu kula da zirga-zirgar jirage aƙalla minti 5 kafin mutum na farko ya diro, kuma ya ci gaba da sauraronsu har na ƙarshe ya sauka. Ma'aikacin da ke zaune gaban na'urar hangen jirage, wataƙila a wani gari mai nisa, shi ne zai gaya masa ko akwai jirgi a kusa, shi ne kuma zai gargaɗi sauran matuƙa cewa mutane na faɗowa a wuri kaza. A kusa da manyan filaye kuwa, sanarwa kaɗai ba ta isa ba, sai an ba da izini. Idan ma'aikacin ya ce a dakata, jirgi zai yi ta kewaye yana ƙona mai. Idan ya ce yau babu hali, to sana'a ta tsaya.

Wannan ma'aikacin na gwamnatin tarayya ne, a ƙarƙashin hukumar sufurin sama ta FAA, wadda ke lura da tashin jirage kusan 45,000 a kullum. Babu wanda ke aiko wa matuƙi takardar biyan kuɗi don ya yi magana da shi. Ana tara kuɗin ne a wani asusu da aka kafa a 1970: fasinja na biyan harajin kashi 7.5 cikin 100 a kan tikitinsa, masu ƙananan jirage kuma suna biya a wurin shan mai, wajen santi 20 a kowane galan. Wanda ya yi tafiya mai nisa ya ƙona mai da yawa, ya biya da yawa. Shi ke nan lissafin.

A kan wannan tsarin aka yi ta kai ruwa rana. A watan Fabrairun 2016, Bill Shuster, ɗan majalisa daga Pennsylvania kuma shugaban kwamitin sufuri na Majalisar Wakilai, ya gabatar da ƙudirin da zai cire aikin kula da zirga-zirgar jirage daga hannun FAA a miƙa shi ga kamfani mai zaman kansa wanda ba don riba aka kafa shi ba. Ya sake kawo shi a 2017, kuma a ranar 5 ga Yunin shekarar Shugaba Donald Trump ya fito a Fadar White House ya mara masa baya. Yawancin manyan kamfanonin jirage suna so, in ban da Delta da ta ja da baya tun farko. Ƙungiyar ma'aikatan da kansu, NATCA, ita ma ta goyi baya.

Kuma dalilansu ba na banza ba ne, dole a faɗa. Hukumar da sai majalisa ta amince da kasafinta kowace shekara ba ta iya tsara sayen na'urori na shekara goma. Har yau akwai hasumiyoyin da ake rubuta bayanin jirgi a ɗan tsinken takarda a miƙa daga hannu zuwa hannu. Idan 'yan siyasa suka kasa daidaitawa gwamnati ta rufe, waɗannan ma'aikata suna zuwa aiki ba albashi: kwana 35 suka yi haka daga ƙarshen 2018 zuwa farkon 2019. Masu son sauyi sukan nuna Kanada, wadda ta miƙa nata aikin ga Nav Canada tun 1996 a kan dalar Kanada biliyan 1.5, ta sabunta kayan aikinta, kuma mai ƙaramin jirgi a can ɗan kuɗi kaɗan yake biya a shekara. Birtaniya ma ta sayar da wani kaso na hukumarta ta NATS a 2001, gwamnati ta riƙe kashi 49.

To me ya sa hankalin 'yan lema ya tashi har ƙungiyarsu ta USPA, mai hedikwata a Fredericksburg ta jihar Virginia, ta shiga sahun ƙungiyoyin masu ƙananan jirage irin su AOPA da EAA wajen yaƙar ƙudirin? Da na zauna da wasu matuƙa a inuwar rumfar da ake naɗe lemomi, abu biyu suka yi ta nanatawa, kuma na fahimci na farkon ne tun kafin su gama, domin idona ya ga yadda jirginsu ke aiki.

Jirgin fasinja da ya tashi daga Phoenix zuwa New York sawu ɗaya ya yi, da mutum wajen 200 a ciki. Jirgin lema kuwa sana'arsa ita ce hawa da sauka, ba ya zuwa ko'ina. Duk tsarin da zai ce a biya a kan kowane tashi, shi zai fi dannewa. Sun riga sun ɗanɗana barazanar: daga 2011 gwamnatin Barack Obama ta sha saka shawarar karɓar dala 100 a kan kowane tashin jirgi mai injin irin na Twin Otter, majalisa tana watsi da ita. A yi lissafi: sawu 20 a rana dala 2,000 ke nan a kan jirgi ɗaya, a sana'ar da gogaggen ɗan lema ke sayen kujerarsa da 'yan gomiyoyin daloli. Ƙudirin 2017 ya yi alkawarin ba za a caji ƙananan jirage ba. Amma jirgin lema yana tsakiya: ba na fasinja ba ne, kuma ba na shaƙatawar mai shi ba ne, tunda kuɗi ake biya a hau. Tsoronsu shi ne ranar da kamfani ya matsu da kuɗi, sai a sake duba wane ne ƙarami wane ne ɗan kasuwa.

Na biyun ya fi zurfi, kuma shi ne ya ja ni ɓangarensu. Wa zai zauna a kujerun hukumar gudanarwar kamfanin? A ƙudirin 2016, kujeru 4 cikin 11 na manyan kamfanonin jirage ne. A na 2017 aka mai da su 13, aka rarraba, masu ƙananan jirage suka sami ɗaya, masu jiragen alfarma na kamfanoni suka sami ɗaya. Ɗan lema ba shi da ko ɗaya. Alhali kamfanin ne zai zana hanyoyin sama, ya yanke inda za a zuba ma'aikata da inda za a rage. Amurka na da filayen jirgi na jama'a wajen 5,000, jiragen fasinja kuma ba sa zuwa sai kimanin 500. Kamfanin da kusan duk kuɗinsa daga manyan jirage yake fitowa, ba sai ya yi mugunta ba kafin ya manta da Eloy; ya isa kawai ya karkata wata hanyar shiga Phoenix ta bi ta kan filin don a rage wa jirage minti biyu. Duk wanda ya ga yadda burtali ke ƙanƙancewa a ƙasarmu ya san salon: babu ranar da aka ce an hana makiyayi wucewa, kowace damina dai ana cin taku ɗaya daga gefe, har a wayi gari saniya ba ta da inda za ta sa ƙafa.

A tsarin yanzu, FAA ta amince cewa diro da lema harkar sufurin sama ce kamar kowace, kuma ƙa'idar aikin ma'aikatanta ita ce wanda ya fara zuwa shi ake fara saurara. Idan aka takura wa wani wurin diro, mai shi yana da ɗan majalisar da zai kai wa kuka, ɗan majalisar kuma yana da ikon kiran hukumar ta zo ta yi bayani. Wuraren nan sun haura 200 a faɗin ƙasar, ana diro fiye da miliyan 3 a shekara, kuma da yawansu a ƙauyuka suke, inda su ne ke riƙe da filin jirgin, da masu gyaran injin, da 'yan gidajen abincin da ke kewaye. Wannan ne ya sa 'yan majalisar yankunan karkara, har da na jam'iyyar Shuster, suka ƙi ba shi ƙuri'a. A Fabrairun 2018 ya janye, aka sabunta dokar FAA a watan Oktoba ba tare da batun ba.

Janyewar ba ta gyara na'ura ko ɗaya ba. A ranar 29 ga Janairun 2025 jirgin fasinja ya yi karo da helikwaftan soja a kan kogin Potomac a Washington, mutum 67 suka rasu. A watan Afrilu, masu kula da jiragen filin jirgin Newark suka rasa hoto da sauti na ɗan lokaci alhali jirage na sama. Majalisa ta ware dala biliyan 12.5 don sabunta kayan aiki, manyan kamfanoni da ƙungiyoyin ƙananan jirage kuma suka yarda a ajiye maganar cefanarwa a fuskanci gyara. Sai ga shi a ƙarshen shekarar gwamnati ta sake rufewa har kwana 43, ma'aikata suka koma aiki ba albashi, aka rage tashin jirage a manyan filaye 40. Duk lokacin da haka ta faru, masu cewa a bi sawun Kanada suna ƙara samun masu saurare, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da nake ganin ya kamata majalisar ta yi shi ne ta killace kuɗin asusun 1970 yadda albashin waɗannan ma'aikata da sayen na'urorinsu ba za su ƙara jiran sulhun 'yan siyasa ba, ta kuma bar ikon zana hanyoyin sama a hannun hukumar da mai jirgi ɗaya a Eloy zai iya kai ƙararta.