Tsohon Janareton Baba

Baba, Allah ya ji ƙansa, ya shafe shekara talatin yana cinikin albasa a kasuwar Mile 12 da ke Ikko, kuma da ribar albasar nan ya gina gidanmu a Ketu: ɗaki takwas, da rijiyar burtsatse, da wani janareto da muke kira Dattijo. Bayan rasuwarsa aka yi shawara a sayar da gidan a raba gado, domin Inna ta ce ita kam ta gaji da Kurmi, gida Sakkwato za ta koma.

To, a kan Dattijo aka sami saɓani. Ya kai mai karatu, kada ka ɗauki maganar da wasa. A unguwarmu in aka ɗauke wuta, janareto ne ke tura ruwa zuwa tanki, in ya ƙi tashi kuwa sai 'yan haya su bi 'yan garuwa. Shi ko Dattijo sai an ja igiya sau goma ana salati kafin ya yi tari ya kama, ga hayaƙi, ga shan mai. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya ninka kusan sau uku, muka daina kunna shi sai da dalili.

Yaya ya ce a sayi sabo, ko ma a sa sola, gidan zai fi daraja a idon mai saye. Kawu ya ce ɓarnar kuɗi ce, a kira bakanike ya wanke shi, a fesa masa fenti, a kunna shi minti biyar ranar da za a zo dubawa, shi ke nan. Ban ɓoye ba, da farko dabarar Kawu ta kwanta mini, domin ina da kuɗin rajista a gabana.

Inna ce ta tsayar da mu. Ta ce, "Malam Babba, albasa ɗaya in ta ruɓe a buhu, ɗan'uwanka ba ya ɗinke bakin buhun sai ya nuna wa mai saye." Kawu ya yi shiru. Ni ma na tuna karatun fiƙihu, cewa wanda aka ɓoye wa aibin kaya yana da damar mayarwa. Ta kuma tambayi Yaya da kuɗin wa za a sayi sabon, alhali cikin magada akwai ƙannenmu biyu da ba su balaga ba. Wa zai taɓa dukiyar marayu a kan tsammani?

Dillalin, wani dattijon Bayarabe mai jin Hausa kamar jakin Kano, dariya ya yi da muka kai masa maganar. Ya ce a Ikko ƙasa ake saye, ba gini ba. Mai kuɗin da zai zo rushe ɗakunan zai yi ya ɗora bene. Abin da zai tambaya takardu ne, da amincewar gwamna da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta, da sa hannun kowane magaji.

Ba mu sayi sabo ba, ba mu yi fenti ba. Da mai sayen ya zo, Yaya ya kai shi bayan gida ya faɗa masa halin Dattijo. Ko leƙawa bai yi ba, ya ce mu ɗauke abinmu. 'Yan gwangwan suka auna shi a sikeli, Inna ta ce a ba da kuɗin sadaka a masallacin da Baba ke sallar Asuba.