Sanatan Mazaɓar Buhari

Tsakanin Agustan 2018 da Fabrairun 2019, sau uku mutumin Sukuntuni ya bi layin zaɓe. Mafarin abin rasuwar Sanata Mustapha Bukar ce a watan Afrilun 2018, wadda ta bar kujerar Katsina ta Arewa ba kowa. Ahmad Babba Kaita, ɗan Kankiya, wanda ke wakiltar Kankiya da Kusada da Ingawa a Majalisar Wakilai tun 2011, shi ya nemi cike gurbin. Da ya haye, tasa kujerar ta faɗi, aka sake zaɓe a Nuwamba, Abubakar Yahaya Kusada ya bar shugabancin majalisar jiha ya hau ta. Tawadar da ke yatsa ba ta gama gogewa ba babban zaɓe ya iso.

Abin da jaridu suka riƙe a zaɓen Agusta shi ne abokin karawarsa: Kabir Babba Kaita, ɗan'uwansa, gida guda, a inuwar PDP. Labari ne mai daɗin ji a majalisar yamma, amma ya rufe wani abu da ya fi shi nauyi. Daura tana cikin wannan mazaɓa. Duk wanda APC ta ba tuta a ranar, sanatan Muhammadu Buhari ake zaɓa, ko wane ne shi. Tun farko ma da tutar CPC Ahmad ya shiga majalisa a 2011, lokacin da hoton Buhari a jikin fosta ya fi buhun alkawari tasiri a karkarar Katsina.

Wannan ba rage masa daraja ba ne. Kusan duk ɗan siyasar da ya daɗe, akwai wani turke da ke riƙe da shi. Thomas Playford, manomin lambu da ya shugabanci gwamnatin jihar Ostareliya ta Kudu daga 1938 zuwa 1965, ya kafa masana'antu, ya mayar da wutar lantarki hannun gwamnati. Amma shekarunsa 26 sun jingina ne da rabon mazaɓun da ya ba ƙuri'ar ƙauye nauyi fiye da ta birnin Adelaide, har jam'iyyarsa kan ci zaɓe alhali abokan hamayya sun fi ta ƙuri'u.

Bambancin shi ne Playford bai taɓa sakin turkensa ba. Ahmad Babba Kaita kuwa ya saki nasa. A 2022, bayan dangantaka ta yi tsami tsakaninsa da shugabannin APC na jihar, ya koma PDP, jam'iyyar da ya kayar da ɗan'uwansa a cikinta, alhali Buhari na fadar shugaban ƙasa. Wasu sun kira shi jarumta, wasu ganganci. A siyasar Katsina ba kasafai ake rabe su ba. A zaɓen 2023 ya tsaya da sunansa da aikin shekara goma sha biyu, Nasir Sani Zangon Daura na APC ya karɓe kujerar.